Milisibat 20 a shekara: haddin ma'aikacin ɗakin hoto da hanyoyin da hasken ke bi ya same shi

Ma'aikacin da ke tsayawa bayan gilashin dalma ya danna maɓalli ya ɗauki hoton ƙirji, abin da ke isa jikinsa na radiyeshan, wato hasken eksire, bai taka kara ya karya ba. In an gina ɗakin bisa ƙa'ida, ƙofa kuma a rufe, zai iya yin shekara cur yana wannan aiki bajonsa, ɗan abin da ake ratayawa a jiki don auna hasken da aka sha, bai nuna milisibat ɗaya ba. Amma ƙarƙashin rufin asibiti guda akwai nas ɗin tiyata da ke tsaye dab da injin si-am, mai nuna hoton ƙashi ana tsakiyar aiki, ba rigar dalma, akwai mai tura keken marasa lafiya da kullum shi ake kira ya danne wanda ya ƙi kwanciya, akwai mai karɓar kuɗi da teburinsa ke jingine da bangon ɗakin hoto ta waje. Sau da yawa ba a taɓa rataya wa irin waɗannan bajo ba, ba kuma wanda ya zaunar da su ya gaya musu haddin da aka yanka. Daga manyan asibitocin Katsina da Daura har ƙananan ɗakunan hoto na 'yan kasuwa da ke cikin unguwanni, hasken iri ɗaya ne, haddin ma ɗaya ne. Abin da ke bambanta ma'aikaci da ma'aikaci shi ne inda ya tsaya, da abin da ke tsakaninsa da majiyyaci.

Milisibat, wanda ake taƙaitawa mSv, shi ne mudun da ake auna abin da jiki ya sha. Kowane ɗan Adam yana shan kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da iska da abinci da sararin sama, ko bai taɓa taka asibiti ba. Wannan shi ne matsakaicin duniya. Hoton ƙirji guda yana ba majiyyaci wajen 0.02, siti sikan na kai wajen 2, na ciki wajen 8 zuwa 10. Akwai kuma miligire, mGy, da ake auna abin da ya sauka a kan fata ko wata gaɓa. A hasken eksire, in ana maganar gaɓa guda, lambobin biyu tare suke tafiya.

Haddin ya samo asali ne daga ICRP, hukumar ƙasa da ƙasa mai ba da shawara kan kariya daga radiyeshan, sannan hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ta sa shi cikin ƙa'idojinta na 2014. A nan gida NNRA, hukumar sa ido kan harkokin nukiliya ta Najeriya, ce mai wuƙa da nama; dokar 1995 ce ta kafa ta, ta fara aiki a 2001, ta fitar da ƙa'idojin kariya a 2003. Ma'aikaci baligi haddinsa milisibat 20 ne a shekara in an raba daidai a kan shekara biyar, wato 100 cikin shekara biyar, da sharaɗin kada shekara ɗaya ta haura 50. Fata da hannuwa da ƙafafu, 500 a shekara. Ɗalibi ko mai koyon aiki ɗan shekara 16 zuwa 18, 6 kacal, wanda bai kai 16 ba kuwa ba shi da hurumi a wannan aiki ko kaɗan. Mutanen gari, har da mai karɓar kuɗin nan da mai shagon da ke maƙwabtaka da ɗakin, milisibat 1 ne a shekara. Wanda ya yi karatu da littattafan Amurka zai ga 50 a shekara, don can haka dokarsu take. Ba ita muke bi ba.

Lambar da ta fi tsere wa mutane ita ce ta ido. A yawancin littattafan da aka buga kafin 2011 za ka ga an rubuta 150 a shekara ga madubin da ke cikin ido. A 2011 ICRP ta zaftare shi ya koma 20, bayan an gano cewa yanar ido na iya somawa daga miligire 500 da suka taru, ƙasa sosai da yadda ake zato a da. Malamin da har yau yake koyar da 150 yana koyar da lambar da ta ninka ta yanzu fiye da sau bakwai.

Illar iri biyu ce, kuma sanin bambancinsu ne ke sa a fahimci hikimar haddin. Akwai wadda ba ta aukuwa sai an ƙetare wani mataki: fata ta yi ja daga wajen miligire 2,000 a lokaci guda, gashi ya zube daga wajen 3,000, ido ya yi yana. Akwai kuma ciwon daji, wanda a tsarin kariya ake ɗauka cewa ba shi da matakin da za a ce ƙasa da shi babu komai. Kowane ƙari yana ƙara yiwuwar kamuwa gwargwadonsa. Ƙiyasin ICRP ga ma'aikata ya kai kimanin kashi 4 cikin 100 ga kowane milisibat 1,000. Mutumin da ya yi shekara 40 yana cika haddinsa fal ya tara 800, ƙarin haɗarinsa ya kai wajen 3 cikin 100. Wanda ya tsaya a 1 a shekara ya tara 40, nasa bai kai 2 cikin 1,000 ba. Dukansu ba wanda ya karya doka. Shi ya sa nake ƙin jin an ce wa ma'aikaci "ai kana da saura" kamar ana maganar hutun shekara. Ashirin ɗin nan katanga ce ta ƙarshe. Mai ɗaukar hoton ƙashi da ƙirji da bajonsa ya nuna 6 a shekara, akwai abin da ya lalace a ɗakinsa ko a yadda yake aiki, ko da takarda ta ce yana cikin haddi.

Ta hanya uku hasken ke fita. Akwai gundarinsa, wanda ke fitowa ta tagar kan inji, wato ɓangaren injin da ke samar da hasken, ya nufi majiyyaci. Wannan babu wata gaɓa ta ma'aikaci da ya kamata ta shiga cikinsa. Akwai yoyo ta jikin kan injin, wanda ƙa'ida ta ce kada ya wuce miligire 1 a awa a nisan mita ɗaya, kuma yakan ƙaru in an taɓa kwance kan an mayar ba a daidaita dalmar ciki ba. Sai fallatsi, hasken da ya bugi jikin majiyyaci ya watsu ko'ina. Kusan duk abin da ma'aikaci ke sha daga nan yake. Majiyyacin ne kansa ke zama fitilar da ke haska ka a daƙiƙar da aka danna, kuma da an saki maɓalli shi ke nan. Hasken ba ya kwana a ɗaki, ba ya maƙalewa a tufafi ko abinci ko ruwan sha, ba a kuma kai shi gida ga iyali. Buɗe taga don "ya fita" ba shi da amfanin komai.

Lissafin fallatsi mai sauƙi ne. A nisan mita ɗaya daga majiyyaci, yana kai wajen kashi 1 cikin 1,000 na abin da ya sauka a fatarsa. In ka ninka nisa ya koma rubu'i; mita uku, kashi ɗaya cikin tara. In ka matso rabin mita kuwa ya ninka huɗu. A ɗauka an kawo wanda ya yi haɗari a hanyar Kano, ana ɗaukar hoton ƙugunsa, miligire 5 na sauka a fatarsa. Wanda ke mita ɗaya zai samu 0.005, wanda ya sunkuya ya riƙe shi a rabin mita 0.02. Lamba ce ƙarama, ita ce kuma ke yaudarar mutane. In mutum ɗaya ne ake kira sau biyu a rana, kwana 250 a shekara, ba riga, an doshi 10, rabin haddin cikakken ma'aikaci, ninki goma na haddin mutumin gari. A juri zuwa rafi ke nan.

Don haka riƙe majiyyaci ba aikin ma'aikacin sashen ba ne, kuma ba a mayar da shi aikin mutum ɗaya. A fara da buhunan yashi da soso da maɗauri. In ba makawa sai an riƙe, a kira ɗan'uwan majiyyacin, baligi, mace kuma a tambaye ta a keɓe ko tana da ciki. A sa masa rigar dalma, a tsayar da shi gefe, a miƙe hannuwansa, a kunna fitilar kolimeta, wato abin da ke tsuke faɗin hasken, a tabbata yatsunsa ba sa cikin hasken. Shi sau ɗaya zai yi a shekara ko a rayuwarsa. A kuma shirya komai kafin a danna, don duk hoton da aka maimaita, ko saboda yaro ya motsa ko saboda wutar janareto ta yi ƙasa ana tsakiyar ɗauka, an ninka wa majiyyaci da mai riƙon abin da suka sha. Sashen da ke da littafin rubuta hotunan da aka maimaita da dalilinsu, cikin wata biyu zai gane ko matsalarsa wuta ce, ko injin, ko hannun wani ma'aikaci.

Injin turawa da ake kai wa ɗakin kwanciya yana da igiyar maɓalli mai tsawon aƙalla mita biyu, kuma da gangan aka yi ta haka. A warware ta duka, a sa riga, a tsaya gefe, nesa da kan injin da majiyyacin. Ɗakunan kwanciyarmu ba sa rabuwa da 'yan jinya da 'yan dubiya, saboda haka a ɗaga murya a sanar, a jira su ja da baya mita biyu ko su fita, a kuma lura kada a saita hasken ya nufi gadon maƙwabci ko labulen da mutane ke bayansa. Labule da katako ba sa tare komai.

Ɗakin tiyata ne inda lambobin ke tashi da gaske. Injin si-am, mai siffar baka, wanda ake duba ƙashi da shi ana tsakiyar sa ƙusa ko faranti, ba walƙiya ɗaya yake yi ba; muddin ƙafa na kan feda hasken na zuba. A ɗauka yana sauke miligire 20 a minti a fatar majiyyaci, abin da ba baƙo ba ne. A rabin mita fallatsin ya kai wajen 0.08 a minti. Minti biyar a aiki guda, 0.4 ke nan ga duk gaɓar da ba a rufe ba. Aiki 50 irin wannan sun isa su cika haddin ido na shekara ga likitan da ke sunkuyar da fuskarsa haka ba tabarau. Majiyyaci mai jiki kuma injin da kansa yake ƙara ƙarfi don ya ratsa shi, fallatsin ya ƙaru tare.

Abu na farko shi ne yadda aka juya bakan. Kan da ke fitar da haske ya kasance ƙarƙashin tebur, mai karɓar hoto a sama. Fallatsi ya fi yawa ta ɓangaren da haske ya shiga jiki, don haka in kan yana ƙasa, mafi yawansa ƙafafu da ƙasa yake nufa, inda siket ɗin dalma da labulen dalmar tebur ke tarewa. In aka kifa shi kan ya koma sama, fuska da wuya da ido ne a gaba. In an kwantar da bakan don hoton gefe, a tsaya ta ɓangaren mai karɓar hoto. Mai karɓar hoton a matso da shi dab da jikin majiyyaci, kan kuma a nesanta shi iyakar yadda za a iya; wannan yana rage wa majiyyaci, yana rage wa kowa, hoton ma ya fi fitowa. A tsuke kolimeta iyakar wurin da ake aiki. A sa injin a tsarin bugu-bugu, bugu 7.5 a daƙiƙa maimakon 15 ko 30, ga aikin ƙashi ya wadatar. A yi amfani da hoton ƙarshe da injin ke riƙewa a allo in ana shawara, kada a bar ƙafa kan feda ana magana. Ƙara girman hoto yana ƙara haske, a bar shi sai inda ido ya kasa. Ƙararrawar da ke kaɗawa bayan minti biyar ba don a kashe ta a ci gaba aka sa ta ba. A rubuta jimillar mintocin kowane aiki a littafi.

Hannu kuwa, in ya shiga gundarin hasken ta ɓangaren kan inji, a wancan lissafin minti 25 sun cinye 500 ɗin shekara. In ka ga ƙasusuwan yatsun likita a allo, a dakata. Safar hannu ta dalma ba ta gyara wannan, tana ma ɓata shi: injin zai ga abu mai kauri ya tare masa hanya ya ƙara ƙarfi, majiyyaci da duk wanda ke ɗakin su sha ƙarin. A riƙe da dogon ƙarfe, hannu na waje. Mai sa barci da nas mai kai-komo, waɗanda aikinsu bai tilasta musu tsayawa a tebur ba, taku biyu baya ya fi musu komai. Mai sarrafa injin ya furta da ƙarfi kafin ya taka, kowane lokaci, ko da manya ne ke ɗakin. Likitan da ya san aikinsa ba zai ji haushin ƙaramin ma'aikaci don ya ce "Ranka ya daɗe, a ɗan janye hannu" ba.

Siti sikan ba ya buƙatar dogon bayani: kowa ya fita, a rufe ƙofa, a kalli majiyyaci ta gilashi. In dole wani ya zauna, ya sa riga da abin wuya ya tsaya ta gefen zoben injin, inda jikin injin ke tare fallatsi, kada ya tsaya a bakin ramin. Sikanin na masu ciki da MRI babu wannan haske a cikinsu sam.

Rigar dalma kaurinta uku ne a kasuwa: milimita 0.25, 0.35 da 0.5. Ta 0.25 tana tare wajen kashi 90 cikin 100 na fallatsi, ta 0.5 tana tare 95 zuwa sama, gwargwadon ƙarfin da aka sa injin. Fallatsi aka yi ta dominsa, ba a shiga gundarin haske da ita. Ga tiyata ta 0.5 ce, ko mai zagaye jiki ta 0.25 wadda gabanta ke hawa kan juna ya zama 0.5. Mai falle ɗaya bayanta a buɗe yake, wanda ya sa ta ya juya wa tebur baya kamar bai sa ba. Girma ma magana ce. Rigar da ta yi wa mace yawa, ramin hammatarta yana barin gefen nono a fili, ga shi nono na cikin gaɓoɓin da suka fi jin radiyeshan. Asibitin da ya sayi riguna manya zalla ya bar matan sashen a baya. Abin wuya na 0.5 yana kare tayirod, halittar nan da ke kumbura ta zama maƙoƙo, kuma sai an ɗaure shi ya kama wuya. Tabaran dalma yawanci 0.75 ne, a nemi mai kariya ta gefe, don likita allo yake kallo, fallatsin ta gefe da ƙasa yake zuwa masa.

Ninkewa ce ke kashe riga. Dalmar da ke ciki gauraye take da roba, in aka naɗe ta aka jefa kan kujera ko aka zauna a kai, takan tsage ta ciki alhali yadin waje lafiya lau. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A rataye ta a hanga mai faɗi ta kafaɗu biyu, nesa da rana. A rubuta wa kowace riga lamba, a duba ta aƙalla sau ɗaya a shekara: a shimfiɗa a tebur, a shafa da hannu a ji ko dalmar ta zame ta taru a ƙasa, sannan a ɗauki hotonta da wajen kilobolt 80. Tsaga za ta fito baƙin layi a hoton. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne ramin da ya wuce murabba'in milimita 15 a saitin gaɓoɓi masu muhimmanci ya isa a jingine rigar. A cire ta daga ɗakin gaba ɗaya, don in tana rataye wani zai sa.

Bango kuma tun ran gini tun ran zane. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kama shago ko ɗakin gida a mayar da shi ɗakin hoto, a dubi bulo inci tara a ce ya yi kauri. Bulon nan rami ne a cikinsa, abin da ke tare haske 'yan santimita ne na gaba da baya. Ɗakin hoto na yau da kullum yakan buƙaci kwatankwacin dalma milimita 2 a bangon da haske ke fuskanta, wato kankare cikakke mai kaurin santimita 15 zuwa 18, ko bulon da aka cika da kankare aka ƙara masa yaɓen bariyom. Ainihin kaurin masanin fizis na asibiti ne ke lissafa shi, da yawan hotunan mako, da nisan bango, da wanda ke zama a bayansa da awa nawa yake yi. Kariyar ta kai tsayin mita 2.1 daga daɓe. Fallayen dalma su hau kan juna a mahaɗa, a rufe kan ƙusoshi. Wuraren da ake mantawa su ne gefen ƙofa da tsakiyar ƙofa mai ganye biyu, ramin na'urar sanyaya ɗaki, akwatin soket da aka fafe bango aka sa, da taga mai kallon lungun da mutane ke wucewa ko suke shimfiɗa tabarma. Allon hoton ƙirji kada ya jingina da bangon da masu jira ke zaune a bayansa sai in an yi wa wurin kariya ta musamman. Bayan an gama, a zagaya da na'urar awo ana ɗauka, kafin majiyyaci na farko ya shiga. Lasisin NNRA da jami'in kula da kariya da take buƙatar kowace cibiya ta naɗa, domin wannan aka yi su.

An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a nan ido bai san komai ba. Hasken ba a ganinsa, ba a jin zafinsa, ba shi da wari. Bajo ne kaɗai shaida. Wanda aka fi sani, TLD, ɗan ƙanƙanen gishirin litiyom ne a ciki, yana adana abin da ya sha, in an gasa shi a na'ura ya fitar da haske gwargwado. Akwai OSL, wanda ake karantawa da koren haske. Ba ya kare kowa, rubutawa kawai yake yi. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da cibiyar kariya daga radiyeshan da ke Ibadan suna cikin wuraren da ake karanta shi. Ana canza shi duk wata ɗaya zuwa uku. Masu aikin si-am wata-wata ya dace da su, don sakamakon da ya zo bayan wata shida ba ya gyara komai.

A rataye shi a gaba, tsakanin wuya da ƙugu, fuskarsa na kallon waje. Hijabi ko rigar aiki ba sa hana shi aiki. Mai aikin tiyata bajo biyu ya kamata ya samu, ɗaya ƙarƙashin rigar dalma, ɗaya a wuya ta waje wanda ke nuna abin da ido da kai ke sha, a kuma yi musu alama don musanya su na ɓata lissafin watan duka. Kowa da nasa, da sunansa, ba aro. Hanyoyin da ake lalata sakamako sanannu ne. Mutum ya tuɓe farar rigarsa zai tafi sallah ya rataye ta cikin ɗakin hoto da bajon a jiki, abokin aiki ya ci gaba da ɗauka. Ko a bar shi cikin mota a rufe a zafin Afirilu, lokacin da Katsina ke haura digiri 40 a inuwa, zafi kuma yana taɓa abin da ya adana. Ko ya bi wanki. Ko ma'aikaci ya je a ɗauki hoton ƙirjinsa da shi a aljihu, alhali abin da mutum ya sha a matsayin majiyyaci ba ya shiga lissafin aiki. Mafi muni shi ne wanda ke kwana a durowa wata uku ya dawo da sifili, a sa a fayil kowa ya yi murna. In an tashi aiki a rataye su duka a allo ɗaya wajen ɗakin, tare da bajon shaida wanda ba wanda ke sawa, wanda ake cire lambarsa daga ta sauran.

Abubuwa biyu ake sawa a madadin bajo, kuma dukansu ba sa tsayawa a gurbinsa. Madara abinci ce mai kyau, amma ba ta wanke radiyeshan, don babu abin da ya zauna a jiki da za a wanke. Gwajin jini na shekara-shekara kuma ba ya nuna canji sai mutum ya sha wajen milisibat 500 a lokaci guda, ninki 25 na haddin shekara, saboda haka jini mai kyau ba hujja ba ce cewa ɗakin lafiya yake.

Ma'aikaciya mai ciki, daga ranar da ta sanar, abin da ke cikinta ana ɗaukarsa kamar mutumin gari: kada ya wuce milisibat 1 har ta haihu. Matsalar ita ce lissafin ba ya farawa sai ta faɗa, mu kuma a al'adarmu mace ba ta buɗe baki ta gaya wa shugaba namiji tana da cikin wata biyu, balle cikin fari. Ga shi makonni na 8 zuwa 15 ne ƙwaƙwalwar ɗan tayi ta fi jin hasken. Sashe mai hankali yakan ware babbar ma'aikaciya, wadda ƙananan ke kira Anti ko Hajiya, a ce ita ake gaya wa, ita kuma ta gyara jadawali ba tare da surutu ba. Ciki ba dalilin sallama ko rage albashi ba ne. Za ta iya ci gaba da aiki bayan gilashi, a ɗauke mata si-am da injin turawa in ana da hali, a ba ta ƙarin bajo a saitin ciki ƙarƙashin riga, a riƙa karanta shi wata-wata. Hankalinta ya kwanta kuma, don matakin da ake tsoron nakasa a kansa wajen miligire 100 ne, nesa ƙwarai da abin da mai aiki bisa ƙa'ida ke gamuwa da shi.

In sakamako ya dawo da lamba mai yawa, ba sai ta kai 20 ake motsi ba. Shawarar IAEA ita ce a bincika in bajon ƙarƙashin riga ya wuce 0.5 a wata, ko na wuya ya wuce 2, ko na yatsa ya wuce 15. A fara da tambayar mai shi ba tare da tsawa ba, don wanda aka tsorata durowa zai mayar da bajonsa: ina yake ajiye shi, wane aiki ya yi a watan, ya riƙe majiyyaci, an ɗauke shi hoto? A duba bajon shaida da na abokan aikinsa. In duka suka tashi tare, a nemi matsalar a wurin ajiya ko a hanyar kai su. A gwada rigar da yake sawa, a auna yoyon kan inji da bayan gilashi. A rubuta abin da aka gano da gyaran da aka yi. In an ƙetare haddi, sai an sanar da NNRA, likita kuma ya duba ma'aikacin.

Haddin na mutum ne, ba na asibiti ba. Wanda ke aikin gwamnati da safe ya wuce ɗakin hoto na kuɗi da yamma, kowane wuri ya ba shi bajonsa, a haɗa lambobin biyu a ƙarshe, jimillar ce ake gwadawa da 20. Ya nemi kwafin sakamakonsa duk lokacin da ya fito, haƙƙinsa ne, ya tafi da shi in an yi masa canji daga Daura zuwa Funtuwa ko ya bar aikin. Ƙa'idar IAEA ta ce mai ɗaukar aiki ya adana wannan fayil har ma'aikacin ya kai shekara 75, kuma kada ya gaza shekara 30 bayan ya daina aikin, saboda yanar ido da ciwon daji sukan ɗauki shekaru kafin su bayyana.